Filin Tambayi Anti Nas: Kilon jariri ranar haihuwa da ƙibarsa idan ya girma

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan saƙonnin da suka shigo daga nan Legas kusan duk a kan abu ɗaya ne, kilon jariri, wata na kukan nata ya yi ƙanƙanta wani na tambayar ko nasa ya yi yawa, shi ya sa na zaɓo huɗu na haɗa su waje ɗaya. Kamar kullum na cire sunaye.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ina zaune a Agege, haihuwata ta fari kenan. Cikin ya cika wata tara cif amma da aka ɗora yarinyar a sikeli kilo 2.2 aka ce min. Yanzu watanta 7, satin da ya wuce aka auna ta kilo 6.3. Lafiyarta ƙalau tana zama tana wasa, sai dai uwar mijina da ta zo daga gida kullum cewa take nonona ne ba shi da kyau, ga ɗan maƙwabciyata sa'anta ne amma tubarkalla bulbul da shi kumatu kamar su faɗo. Ita maƙwabciyar ta ce in je kemis akwai wani sirof na ƙiba da take ba nata, kuma in dinga cika suga da madarar gwangwani a kokonta. Dan Allah ki ban shawara, wallahi abin har barci yake hana ni.

AMSA: Ƙanwata kwantar da hankalinki, zo mu yi lissafi tare. Jariri mai lafiya yakan ninka nauyin haihuwarsa wajen wata 5, idan ya shekara kuma ya kai ninki uku. Taki daga 2.2 ta kai 6.3 a wata 7, kinga saura ƙiris ta cika ninki ukun tun ba ta shekara ba. Nonon da ya yi wannan aikin ai ba a ce masa mara kyau ba.

Gaskiya ne an haife ta ƙarama. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya duk jaririn da bai kai kilo 2.5 ba yana cikin masu ƙarancin nauyi, kuma ba ke kaɗai ba ce, kusan ɗaya cikin kowane jarirai 7 a duniya haka suke zuwa. Wasu bakwaini ne, wasu kuma irin taki watanni sun cika amma abinci bai ishe su ta mabiyiya ba, ko don maleriya ta kama uwar da cikin, ko ƙarancin jini, ko hawan jini, ko kuma uwar ita kanta yarinya ce jikinta bai gama ginuwa ba.

Ɗauko katin rigakafinta ki buɗe wajen layukan nan masu hawa kamar hanyar tudu. Ma'aunin girman yara da muke aiki da shi yanzu a 2006 aka fitar da shi, bayan an bi yara wajen 8,500 a ƙasashe shida, Brazil, Indiya, Norway, Oman, Amurka da 'yar'uwarmu Ghana, kuma jariran masu shan nono ne, don haka kar wani ya ce miki ma'aunin 'ya'yan Turawa ne. A wannan ma'aunin yarinya 'yar wata 7 tsaka-tsakinta kilo 7.6 ne, layin ƙasa kuma wajen kilo 6. Taki na ciki, ta ɓangaren ƙasa, kuma mu abin da muke kallo ba ɗigo ɗaya ba ne, inda ɗigon ya nufa ne. Idan kowane wata yana hawa yana bin layinsa shikenan. Idan ya tsaya cak wata biyu a jere ko ya fara gangarowa, toh lokacin ne za ki ɗauke ta ku zo asibiti ba jira.

Yanzu bari in faɗa miki dalilin da ya sa gabana yake faɗuwa idan na ji ana son a hura ƙaramin jariri da gaggawa. Akwai wani likita ɗan Ingila, David Barker na jami'ar Southampton, shi da abokan aikinsa suka tono tsofaffin littattafan da ungozomomi da nas-nas suka riƙa rubuta nauyin jarirai a yankin Hertfordshire tun 1911, suka bi sawun mutanen nan bayan sun manyanta. A 1989 suka fitar da cewa waɗanda suka fi ƙanƙanta a haihuwa da kuma ranar cika shekara ɗaya su ne suka fi mutuwa da ciwon zuciya. A 1992 shi da Nicholas Hales suka kawo bayanin yadda abin yake, wato jaririn da abinci ya yi masa ƙaranci a ciki jikinsa tsimi yake koya, ya fifita ƙwaƙwalwa, ya rage ginin tsoka da sauran kayan ciki, ya shirya wa rayuwar babu. Toh sai ya fito ya tarar da suga da mai ba adadi, jikin da ya saba ɓoyewa sai ya yi ta tara kitse musamman a tumbi, ga tsokar da za ta ƙona sugan kaɗan ce. Binciken da aka yi daga baya a Helsinki ta ƙasar Finland ya nuna haɗarin ya fi yawa ga wanda aka haifa siriri sannan ya zo ya yi ƙiba da sauri bayan shekara 2.

Kar ki fahimce ni baibai, muna son ta ciko, yaran da aka haifa ƙanana yawancinsu suna kamo sa'o'insu cikin shekara biyun farko kuma wannan alheri ne, yana kare su daga cututtuka da tamowa. Abin da muke so shi ne tsawo da nauyi su tafi tare, ƙashi da tsoka da ƙwaƙwalwa, ba kumatu kawai ba.

Shi kuma sirof ɗin nan dan girman Allah kar ki kai shi bakinta. Irin waɗannan magungunan da mata ke kira sha-ka-fashe, wasu maganin mura da ƙaiƙayi ne da ke buɗe ciki su sa barci, wasu kuma an haɗa da dexamethasone, shi wannan kumbura fuska yake yi ya tara ruwa a jiki, ya raunana garkuwar yaro, ya ɗaga suga, kuma ya tsayar da tsawo, abin da kike nema ɗin shi yake kashewa. Na taɓa karɓar wani yaro fuska kamar faranti ƙafafu kamar tsinke, baki duk fari fat da ƙuraje, uwar na ta murna ya yi ƙiba, sai da na zaunar da ita muka yi magana ta fito da kwalbar daga jaka. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, ba da ita ba, da wanda ya sayar mata. Ki ja maƙwabciyarki gefe ki ce ta kai nata a duba shi, kuma kar ta yanke maganin rana ɗaya da kanta, likita ne zai nuna mata yadda ake janye shi a hankali.

Abinci kuwa ki ci gaba da nono har shekara 2, ki ƙara da kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali kamar ruwa, sau 2 zuwa 3 a rana a wannan watannin. Gero ko dawa da gyaɗa da waken suya a soya a niƙa tare, ki sa garin kirafish ko busasshen kifi, dafaffen ƙwai, hanta, wake da aka murje, kabewa, ɗan manja, ayaba ko gwanda. Suga ki bar shi, zuma ma sai ta shekara. Ki tambayi likita maganar ƙarin jini na jarirai, don waɗanda aka haifa ƙanana ajiyar jininsu kan ƙare da wuri. Ita kuma Mama ƙauna ce ta sa take magana, ranar awo na gaba ki roƙe ta ta raka ki, ta ga sikelin da idonta nas ta nuna mata layin, ya fi ki tsaya kina musu da ita.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12. Yarona kilo 4.4 aka haife shi, sai da aka yi wa uwarsa aiki, ranar suna kowa cewa yake masha Allah an samu sadauki. Yanzu shekararsa 4 kilo 24, idan ya ɗan yi gudu sai haki. Uwarsa kuma tana da ciki wata biyar, nas ta ce lallai a yi mata gwajin suga alhali ita ba ta da ciwon suga. Shin girman yaron ba gado ba ne? Mu gidanmu duk manya ne.

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, na ji daɗi da uba ne ya rubuto, don wannan aikin ba na uwa kaɗai ba ne. Gado na da nasa kason, iyaye dogaye masu jiki sukan haifi manyan jarirai. Amma duk jaririn da ya wuce kilo 4 sai mun tsaya mun tambaya me ya sa, kuma abin da muke fara zargi shi ne sugan goyon ciki. Shi wannan mace na iya samunsa ba ta taɓa yin ciwon suga ba, ba ta jin komai a jikinta, bayan haihuwa ya lafa. Yadda yake aiki kuwa, sugan jinin uwa yana ratsa mabiyiya ya shiga jikin jariri amma insulin ɗinta, wato sinadarin da jiki ke sarrafa suga da shi, ba ya ratsawa, sai jaririn ya dinga ƙera nasa da yawa don ya shanye sugan, shi kuma insulin ajiya yake sawa, sai kitse ya taru a kafaɗu da ciki. Shi ya sa irin wannan haihuwar kafaɗa kan maƙale, shi ya sa kuma muke gwada sugan jaririn a awannin farko don yakan faɗi ƙasa da an yanke cibiya.

Don haka nas ta yi daidai. Gwajin ana yinsa tsakanin sati 24 zuwa 28, wadda ta taɓa haifar babban jariri ma akan gwada ta tun kafin nan, ku je a wannan satin kar ku ɗaga. Idan an samu, gyaran abinci da tafiya a ƙafa suna isar mata da yawa, wasu sai an haɗa da magani, kuma ko bayan ta haihu ta ci gaba da gwaji lokaci lokaci don matan da suka yi shi da yawansu ciwon suga na dindindin kan same su nan gaba.

Sai yaron. Ɗa namiji ɗan shekara 4 tsaka-tsakinsa wajen kilo 16 ne, kilo 24 ya yi nisa sosai, ku kai shi a auna tsawonsa a haɗa da nauyin sannan likita ya duba hakin nan. Manyan jarirai sun fi shiga haɗarin ƙiba a yarinta, wannan haka yake, amma fa ba hukunci ba ne, na ga waɗanda aka haifa kilo 4 da ɗoriya suka miƙe suka zama dogaye ba teɓa. Abin da ke raba su shi ne abin da ke shiga baki daga yaye zuwa yanzu. A al'ada yaro yana shekara ɗaya sai jikin jarirantaka ya fara zubewa ya yi ta sirancewa har wajen shekara 5 zuwa 6 sannan ya sake cikowa, wanda bai yi wannan ramar ba ko ya sake cikowa da wuri shi muke sa wa ido.

Ni dai zaman Legas ɗin nan ina ganin yadda yake yi wa yaranmu. A gida yaro na tsakar gida da ƙofar gida yana tsalle-tsalle daga safe har magariba, nan kuwa ɗaki ɗaya ne ko ciki da falo a gidan haya, waje ga mashin ga kwata, uwa na tsoro sai ta kulle shi ta miƙa masa waya. Uba ya fita tun asuba ya sha gosulo ya dawo dare, tausayi ya sa ya riƙo leda, lemon kwalba da biskit da fanke da burodin Agege, ga kuɗin tara kullum a alawa da lemon leda yake ƙarewa. Malam ƙaramar kwalbar lemo ɗaya sugan cikinta ya kai cokalin shayi 8 zuwa 9, ka auna wannan a kofi ka gani ko za ka iya miƙa wa ɗan shekara 4. Kai da kake Mile 12 inda kayan gwari da kayan marmari na ƙasar nan suke sauka, ledar ta koma ta lemon zaƙi da kankana da karas da kokwamba mana.

Kar a sa shi azumin dole, kar a dinga kiransa lukuti ko a bar 'yan'uwa suna tsokanarsa, yaro ne yana jin ciwon magana. Ba ma neman ya rame, so muke nauyin ya tsaya tsawo ya kamo shi. Ruwa maimakon lemo, abincin gida a ƙaramin kwano nasa shi kaɗai, idan ya ce ya ƙoshi a ƙyale shi ba sai ya sharce ba, taliyar yara ta bar zama abincin kullum. Waya da talabijin kar su wuce awa ɗaya a rana a shekarunsa, motsa jiki kuwa awa 3 ake so a warwatse cikin yini, ko rakiyarka masallaci a ƙafa da ƙwallo a farfajiyar Islamiyya duk suna cikin lissafi. Kuma gidan gaba ɗaya za a canza, ba zai yiwu kana shan lemo a gabansa ka ce shi ya sha ruwa ba.

TAMBAYA: Anti ni amarya ce a Obalende, cikina wata huɗu. Ƙawayena sun ce in rage cin abinci kuma in daina shan maganin ƙarin jinin da ake bamu a awo, wai shi ke sa yaro ya yi ƙato a ƙare a tiyata. Ni kuma tsoron aiki nake. Gaskiya ne?

AMSA: 'Yar'uwa ba gaskiya ba ne, kuma wannan maganar ta yi yawo da yawa a cikin matanmu. Maganin ƙarin jini ba ya ƙatanta jariri ya wuce misali, jininki yake ginawa, kuma ranar haihuwa dole jini ya zuba, wadda ta shiga naƙuda da ƙarancinsa ita ce ke shiga haɗari. Ki sha abinki kullum.

Yunwa da ciki kuwa duniya ta riga ta ga ƙarshenta. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu, hunturun 1944 zuwa 1945, sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar Holan, mutane suka shiga yunwa mai tsanani har da masu ciki. Da yake mutane ne masu ajiye takardu sai aka bi 'ya'yan da aka haifa. A 1976 aka fitar da binciken samari wajen 300,000 'yan shekara 19 da aka auna lokacin ɗaukar soja, aka ga waɗanda yunwar ta samu iyayensu mata a rabin farko na ciki sun fi saura yin ƙiba. Waɗanda ta same su a ƙarshen ciki kuma su ne aka haifa ƙanana. Kinga kenan matse ciki ba dabara ba ce, cutar ɗan ne tun bai zo ba, kuma ƙaramin jariri ma ana iya ƙarewa a tiyata idan ya galabaita a naƙuda.

Ba kuma cewa na yi ki ci na mutum biyu ba. Mace mai matsakaicin jiki ana so ta ƙara wajen kilo 11 da rabi zuwa 16 a duk cikin, mai ƙiba ƙasa da haka, siririya sama da haka, a awo za a faɗa miki naki. Ki ci tuwonki da miyar ganye, wake, ƙwai, kifi, nono, zogale, ki rage shayi mai kauri da lemo. Ki kwana cikin gidan sauro, kin san sauron Legas ba ya hutu, ki karɓi maganin kariyar maleriya da ake bayarwa a awo daga wata na huɗu, aƙalla sau 3 da tazarar wata guda, a duba hawan jininki duk zuwa. Waɗannan su ne ke kawo jariri a tsakanin kilo 2.5 zuwa 4, inda muke fata. Idan kuma duk da haka likita ya ce sai aiki, ki yarda, Allah Ya raba lafiya.

TAMBAYA: Anti jikata aka haifa a Idi-Araba kilo 3.1, kwana huɗu aka koma asibiti sai ga shi 2.9. Ina ganin ruwan nonon bai zo ba, in ba ta ruwa da gulukos kafin ya kawo?

AMSA: Hajiya barka da arziki, Allah Ya raya. Wannan ragin kusan kowane jariri yana yinsa, ruwan jiki ne da kashin farko yake fita, idan bai wuce kashi 10 cikin 100 ba babu damuwa, kuma nata gram 200 ne bai kai nan ba. Zuwa kwana 10 ko sati 2 za ta koma kilonta na haihuwa. A bar ruwa da gulukos ɗin, cikinta ɗan mitsitsi ne, idan ruwa ya cika shi ba za ta ja nono ba, shi kuma nono jan ne yake kawo shi. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa kar a matse a zubar, shi ne rigakafinta na farko. A dinga sa ta a nono dare da rana aƙalla sau 8, ki lura da fitsari, daga kwana na biyar ana so ta jiƙa nafkin wajen sau 6 a yini. Idan kuwa ta ƙi kama nono, ko barci ya yi mata nauyi ba ta tashi, ko idonta da jikinta sun yi shawara, ko jiki ya yi zafi, a mayar da ita asibiti a ranar, kar a ce sai an yi suna.